Fitsarin Baba ya koma ja tun da ya fara maganin tarin fuka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara. An gwada majinar mahaifinmu aka ce tarin fuka ne, yau kwanansa 23 yana shan magani. Tun kwana na biyu fitsarinsa ya koma ja kamar an ɗiga manja, har farar singiletinsa zufa ta rine ta a hammata. Yanzu kuma yana kukan tafin ƙafarsa na yi masa yam-yam kamar kiyashi na bi, ga abinci ya fita ransa. Gwaggonmu ta ce maganin ya fi ƙarfin jininsa, a ajiye a jiƙa masa sassaƙe. Mu tsayar ne?

Wani da ya warke: Wa alaikumus salam. Jan fitsarin nan aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan tarin fukan, ba jini ba ne. Ni har hawayena sai da ya sauya launi, matata ta tsorata. Wata 6 ake yi, biyun farko haɗin magani huɗu, sauran wata huɗun guda biyu. Kar ku yanke da kanku, in cutar ta bijire wa magani wahalar ta fi wannan nesa ba kusa ba. Allah ya ba Baba lafiya.

Wata ma'aikaciyar jinya: Gaskiya ya faɗa game da fitsarin. Ƙafar kuma isoniazid, wani daga cikin magungunan, ke taɓa jijiyoyi, ku gaya musu su haɗa masa da bitamin B6. Amma ƙanwata, ni rashin cin abincin ne ya tsaya min a rai. Uku daga cikin huɗun, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, duk suna iya wahalar da hanta, kuma dattawa sun fi shiga haɗarin. Ki fito da shi tsakar gida ki duba farin idonsa a hasken rana, kwan lantarki yana ruɗi. Yana amai? Na huɗun, ethambutol, ido yake taɓawa, ki tambaye shi ko yana gani dishi-dishi ko ja da kore suna rikice masa.

Mai tambaya: Anti yanzu na duba. Ganinsa lafiya, amma idon ya yi rawaya-rawaya. Ashe ya yi amai sau biyu da asuba, ɓoye mana ya yi don kar a ce ya cika raki.

Ma'aikaciyar jinya: To wannan alamar ciwon shawara ce, ba ta jiran ranar karɓar magani. Kar ya ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya sai likita ya gan shi, kuma yau ɗin nan za ku kai shi a yi gwajin hanta. In ta taɓu, sukan dakatar da maganin har ta huce, sannan su dawo da shi a hankali suna lura. Ku tafi da katinsa da kwalin maganin. Ban da farasitamol, ban da jiƙo ko na waye.

Wata 'yar uwa: Gwaggo kuma ku lallaɓa ta, ƙauna ce ta sa. Ku tafi da ita ta ji daga bakin likita, in ba haka ba kuna juya baya za ta ɗura masa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yayana ya fita nemo adaidaita, Gwaggo ma tana neman mayafinta.