Yarona ɗan shekara 4 ya ce min "bana sonki, Allah ya isa"

Maman Biyu:
Salam iyaye, dan Allah shawara nake nema. Jiya da yamma na karɓe wayata a hannun yarona saboda tun da ya dawo makaranta yake kallon katun ko yunifom bai cire ba, kawai sai ya zube ƙasa yana birgima yana ihu, da na ce ya tashi ya kalle ni ya ce "bana sonki, muguwa, Allah ya isa!" har da yi min daƙuwa da ɗan hannunsa. Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Kakarsa ta ce in zane shi, to na taɓa dukansa kan haka, washegari ma ya maimaita. Ya zan yi?

Hajiya Babba:
'Yata ki fara binciken inda ya ji "Allah ya isa" ɗin nan tukuna. Yaro ba ya ƙirƙirar zagi, kwasowa yake, ko a layi ko a aji ko a bakin manyan gidan. Sau nawa muke cewa "don ubanka" cikin wasa a gabansu, wani ma idan yaro ya yi daƙuwa dariya ake ana cewa ya yi wayo, sai ranar da ya yi wa uwarsa hankali ya tashi.

Anti Malama:
Ni 'yan ƙananan aji nake koyarwa, kullum ina ganin wannan. Ba ƙinki yake ba, haushin wayar ne kuma bai da kalmar da zai faɗi haushin, sai ya jefo wadda ya ga tana girgiza ki. Lokacin birgimar kar ki tsaya wa'azi, ba ji yake ba. Ki ce "na san ka ji haushi, amma ba a zagin Mama", ki ci gaba da aikinki, kuma kar ki mayar masa da wayar don ya yi shiru, nan ne yawancinmu muke faɗuwa. In ya huce ki ɗora shi a cinya ki koya masa ya riƙa cewa "Mama, na ji haushi", ya ba ki haƙuri. Sannan ki duba, ya ci abinci kuwa? Yunwa da rashin baccin rana su ne rabin rigimar yamma.

Abban Yara:
Ki dai kame bakinki kar ki rama da mugun baki cikin fushi, Annabi (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a. Shi an ɗage masa alƙalami har ya balaga, ke ce ake rubuta wa. "Allah ya shirye ka" ta isa.

Maman Biyu:
Na gode sosai, Allah ya saka. Hajiya kin sa na ji kunya wallahi, ni ce nake cewa Allah ya isa duk lokacin da aka ɗauke wuta ina tsaka da guga, yana zaune a gefena.