Bidiyo tukuna ko rajista tukuna?

Mai Walda: Salamu alaikum 'yan uwa. Famfon nan da na ƙirƙira, wanda nake ba ku labari, ya tashi. Ina so in ɗora bidiyonsa a Facebook, ko in jira sai na yi masa rajistar mallakar ƙirƙira, wato patent?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kada ka ɗora, ɗan uwa. Rajista tukuna.

Baban Sadiq: Ka ji maganar Injiniya. Ni wani kamfani ne ya gayyace ni in nuna musu na'urar tace ruwa da na ƙera, suka ce za su zuba jari. Na buɗe musu komai, har zane, suka yi ta ɗaukar hoto, ba takardar rufe sirri tsakaninmu. Shiru shiru, sai ga irinta a kasuwa da sunansu. Lauyan da na gani ya ce sharaɗin farko na takardar mallakar ƙirƙira shi ne abin ya zama sabo, ba a taɓa bayyana shi ba, ko da bakin mai shi ne. Turai ba sa ɗaga ƙafa a kan wannan. Amurka kuwa tana ba da shekara 1 bayan bayyanawa. Har yau abin na ci mini rai wallahi.

Maman Iman: Allah ya mayar da alheri, Baban Sadiq.

Barista: Amin. Mai Walda, fara duba Google Patents, shafin binciken takardun mallakar ƙirƙira, kyauta ne, kada ka kashe kuɗi kan abin da wani ya riga ka. Kariyar shekara 20 ce daga ranar shigar da takarda, kuma iyakarta ƙasar da ta bayar. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 ka nema a wasu ƙasashe da ranarka ta farko. In ka bi ta PCT, tsarin neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, na WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, wa'adin yakan kai wata 30.

Kawu: Duk wahala ce. Coca-Cola sirrinta ta riƙe, ga ta nan.

Injiniya: Kawu, famfo fa ake magana. Duk wanda ya saya ya kwance shi ya ga cikinsa.

Kawu: Ai rajistar ma tona asiri ce, bayan wata 18 suke wallafa komai.

Barista: Cinikin ke nan, Kawu. Ka bayyana wa duniya, doka ta hana a kwaikwaya.

Maman Iman: Barista, ni tambarin kayana fa? Shi ma shekara 20?

Barista: Wannan daban ne, Hajiya, sabunta shi ake yi. Ki same ni ta gefe.

Mai Walda: To ko hoton waje kawai in saka?