Yaushe son anime da manga ke wuce gona da iri?

Mai_Neman_Haske ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a harkar nan ce. Ta yaya mutum zai gane cewa son anime (finafinan zane na Japan) da manga (littattafan labarin zane na Japan) ya tashi daga sha'awa ya koma jaraba? Ga irin abin da nake nufi: kallo kusan kullum, kashi huɗu zuwa shida a dare, manga a waya da zarar an samu minti biyar, waƙoƙin da ke kunne duk na Japanawa, hira ko ta mece ce sai ta karkata ta koma Japan. Ga kuma wasan waya irin na gacha, wanda ake biyan kuɗi a ja sa'ar samun jarumi ko kaya, da ya fara lasar 'yan kuɗi. Karatu bai lalace ba tukuna, amma barci ya ragu. Akwai ma'auni ne, ko kowa da kiwon da ya karɓe shi? In kuma ragewa za a yi, ta ina ake farawa? Don Allah ban da shawarar "ka daina kawai", an gwada ba ta ɗore ba.

Mai_Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a yanke hukunci a fara da lissafi, don yawancin masu kallo ba su san adadin lokacin da suke kashewa ba.

Kashi ɗaya na anime minti 23 zuwa 24 ne, har da waƙar buɗewa da ta rufewa, kowacce kamar minti ɗaya da rabi. Kashi shida a dare kenan awa biyu da minti 24. A mako ya kusa awa 17. Wannan kallo ne zalla, ba a sa manga ba, ba a sa wasan ba, ba a sa gajerun bidiyoyin da ake yankowa ana zubawa a TikTok da YouTube ba, alhali sau da yawa su ne suka fi cin lokaci, don ba su da ƙarshe. Saboda haka kada ka yi kintace. In wayarka Android ce ka buɗe Digital Wellbeing, in iPhone ce ka buɗe Screen Time, ka duba na kwana bakwai, ka tara awannin manhajojin da suka shafi harkar. Mako guda ka yi kana dubawa ba tare da ka canza komai ba. In ka fara ragewa tun ranar farko, adadin da za ka samu na ƙarya ne.

To amma adadin awa shi kaɗai ba ya nuna jaraba. Wani zai yi awa 15 a mako lafiya lau, wani awa takwas ta rikita shi. Abin dubawa shi ne me kallon ya ture ya zauna a gurbinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar wasannin bidiyo a kundinta na cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022. Ba ta sa kallon anime ba, a lura, amma ma'aunin da ta yi amfani da shi yana da amfani a nan. Abu uku ne: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na tsayawa, abin ya hau kan sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da ido. Kuma sai hakan ya ɗauki kamar wata 12 yana jawo cikas na gaske a karatu, aiki ko zaman iyali kafin a kira shi cuta.

In aka ɗora bayaninka a kan wannan, waƙoƙi da yawan hirar Japan ba komai ba ne, duk mai sha'awar abu haka yake damun mutane da shi. Wurare biyu ne ya kamata su tsaya maka a rai: barci da kuɗi. Baligi na buƙatar awa bakwai zuwa sama. Ƙarancin barci ba ya kayar da karatu nan take, a hankali yake ci: ka karanta shafi sau uku bai zauna ba, ka riƙa jin haushin mutane ba dalili, da yamma kuma ba ka da ƙarfin komai sai kallo, wanda shi ne zai sake cinye daren. Wannan "tukuna" da ka sa a maganarka ita ce abin lura.

Tsohon_Makaranci ya amsa:

Lissafin Malam daidai ne. Ni abin da zan ƙara, ƙanina, shi ne ka daina ɗauka raunin zuciyarka ne kawai. An gina abin ne don kada a ajiye shi.

Dubi yadda manga ke fitowa. Mujallar Weekly Shonen Jump, wadda ke fita tun 1968, tana tattara ra'ayin masu karatu a kan labaran da ke cikinta, wanda ya daɗe a ƙasan jeri sai a datse shi. Marubuci na da shafi kamar 19 a mako, kuma cin abincinsa ya rataya a kan ka dawo mako mai zuwa. Shi ya sa shafin ƙarshe kusan kullum ƙugiya ce: an buɗe ƙofa, an nuno ƙafar wani, ba a nuna fuska ba. A da dole mai karatu ya jira kwana bakwai, jiran nan shi ne birki. Yanzu babi ɗari na cikin waya, birkin ya tsinke. Haka anime: ƙarfe ɗaya na dare, an zare takobi, waƙa ta tashi, ɗan akwatin kashi na gaba ya bayyana a kusurwar allo yana ƙirga daƙiƙu, kai kuma hannunka na ƙarƙashin bargo. Rashin motsi ma ya isa a ci gaba.

Don haka abu na farko, shiga saitin Netflix ko Crunchyroll ko duk inda kake kallo ka kashe kunna kashi na gaba da kansa. Na biyu, kada ka tsaya a ƙarshen kashi, nan ne aka ɗana tarkon. Ka shiga na gaba minti biyar, a warware rikicin, hankali ya kwanta, sai ka kashe. Ko ka tsaya a tsakiya, inda ake nuno hoton nan na hutun talla. Da farko za ka ji wani iri, amma tashi a nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai zaɓen abin kallo. Zango na yau da kullum kashi 12 ne ko 13, kamar awa biyar gaba ɗaya, kuma sababbi na fitowa sau huɗu a shekara: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Wanda ya zaɓi uku yana bin su mako-mako, awa ɗaya da 'yan mintuna kawai zai kashe. Kwatanta da One Piece da ya haura kashi 1,100, wato sama da awa 400. Ba laifi ba ne a kalle shi, amma mai ƙoƙarin gyara barci ba yanzu ne lokacin fara shi ba. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne haɗa biyun: suna bin sababbi, suna kuma biyan bashin tsofaffi, ga jerin "zan kalla" da ya kai ɗari biyu yana hararar su kamar aikin gida. Ka yanke jerin ya koma goma. Wanda ka yi kashi uku bai kama ka ba, sake shi, babu wanda zai tuhume ka.

Gacha kuwa, ka ji sunan ma ya yi kama da caca, kuma ba a yi nisa ba. A wasu wasannin damar samun babban jarumi ɗaya ce cikin 100 a kowane ja, a wasu ma ba ta kai ba. Mutane na ɗauka ja 100 ya tabbatar da samu. Ina! A kan damar ɗaya cikin 100, wanda ya ja sau 100 yana da kusan 37 cikin 100 na tashi hannu rabbana, sai dai in wasan na da tsarin tabbaci bayan wani adadi, shi ma an sa shi ne don ka ce "saura kaɗan". Ko a Japan, a 2012 hukumar kare masu saye ta haramta wani nau'insa da ake kira kompu gacha, inda sai ka haɗa cikakken jeri na kayan sa'a kafin a ba ka babbar kyauta. Cire katin banki daga Google Play ko App Store yau ɗin nan, ka kashe sanarwar wasan. Kyautar da wasan ke ba ka don ka shiga kowace rana ba kyauta ba ce, igiya ce. In ka ga ba ka iya tsallake kwana uku ba tare da ka leƙa ba, wannan kam goge shi ya fi.

Mai_Neman_Haske ya rubuta:

Na gode ƙwarai, yayyena. Maganar tsayawa a tsakiyar kashi ban taɓa jin ta ba. Saura ɓangaren Japan ɗin kansa. Yawan jin cewa can komai ya fi, da burin koyon yaren ko ma komawa can, shi ma alamar matsala ce?

Yaya_Mai_Kanji ta amsa:

Ba lallai ba, ƙanina, amma a rarrabe tsakanin son Japan da son hoton Japan. Mai sanin ƙasar ta anime kaɗai kallon kitse yake wa rogo. Abin da ake nuna maka 'yan makarantar sakandare ne, furannin sakura, bukukuwan bazara. Ƙasar gaske kuwa kusan mutum 29 cikin 100 sun kai shekara 65 ko sun haura, kuma yawan aiki ya kai har suna da kalma ta musamman, karoshi, ta mutuwa saboda aiki. Sai a 2019 dokar da ta ƙayyade ƙarin lokacin aiki ta fara aiki, awa 45 a wata, 360 a shekara a bisa ƙa'ida. Masu zana anime ɗin ma an san ƙananansu da ƙarancin albashi da doguwar rana a kan tebur.

Ita kanta kalmar otaku, wato wanda son anime da manga ya kama sosai, da wasu ke sa wa kansu da alfahari, a can ba da yabo ta fara ba. Marubuci Akio Nakamori ne ya yayata ta a 1983 cikin zolaya, ta ƙara baƙin jini a 1989 bayan kama wani mai kisan yara da aka tarar da dubban kaset a ɗakinsa. Ta yi laushi yanzu, amma yawancin Japanawa ba rayuwar anime suke yi ba. Suna kuma da kalmar hikikomori, mutumin da ya kulle kansa a gida wata shida ko fiye, ba makaranta, ba aiki, ba hulɗa. Binciken gwamnatinsu da ya fito a 2023 ya ƙiyasta su kusan miliyan 1.46 tsakanin shekara 15 zuwa 64. Ba anime ke jawo shi ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Galibi matsin makaranta, rasa aiki ko damuwa ne, allon kuma ya zama maɓoya.

In kana son gwada kanka, yaren ne ma'auni mafi gaskiya. Jerin haruffansu biyu ne: hiragana harafi 46 ne, katakana ma 46. Biyar a rana, cikin kwana goma ka gama na farko. Bayan su akwai kanji, wato alamomin rubutu da suka aro daga Sinanci, guda 2,136 na amfanin yau da kullum, kuma cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta awa 2,200 na aji kafin mai jin Turanci ya ƙware. Jarrabawar JLPT, ta gwada ƙwarewa a yaren Japananci, mataki biyar ce, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1. Ka ɗebi minti 30 daga lokacin kallo ka ba karatun, wata guda cur. In ka jure, sha'awar ta gaske ce kuma ta samu inda za ta yi amfani. In kwana huɗu ya gundure ka, ka san labaran kake so, ba ƙasar ba, kuma wannan ma ba abin kunya ba ne.

Gargaɗi ɗaya: kada ka kwashi magana daga bakin jaruman faɗa. A cikin kalmomin da suke cewa "kai" da su, omae ga wanda ba ku saba ba rashin ladabi ne, temee da kisama kuwa neman rigima ne tsagwaronsa. Fara da sigar ladabi, wadda jimlolinta ke ƙarewa da desu da masu.

Likitan_Dare ya amsa:

Na yarda da kusan duka, sai dai ina da ja a kan dogaro da saitin waya. Iyakar lokacin da kai ka sa, kai ne kuma ka san lambar cire ta, daƙiƙa biyar ta isa. Abin da ya fi aiki shi ne nisa: wayar ta kwana tana caji a wajen ɗakin barci, a sayi agogon ƙararrawa na daban, a sa lokacin rufe allo awa ɗaya kafin kwanciya. In za a sa lambar sirri, wani amintacce ya riƙe ta.

Dalilin da "daina kawai" ba ta ɗore ba kuwa, ka cire awa 17 daga mako ba ka zuba komai a ramin ba. Zuwa dare na uku kaɗaici zai mayar da kai, kuma ramuwar ta fi ta da yawa. Rage kashi ɗaya a kowane mako, daga shida zuwa biyar zuwa huɗu, har ka tsaya a biyu, lokacin da ya rarar kuma tun da rana ka san me za ka yi da shi, wanda ya haɗa da fita ko ganin mutane ya fi. Kallo tare da wani ma yana taimakawa, don dole ka jira shi.

Bayan wata guda ka sake duba awannin da barcin. In sun daidaita, shi kenan, ci gaba da kallonka. Amma in ka lura ba don daɗi kake kunnawa ba sai don kada ka zauna da tunaninka, ko ka yi mako biyu a jere ranka a jagule, komai ya fita daga ranka har anime ɗin, ko ka fara ɓoye kuɗin da kake kashewa, to maganar ta wuce ta saiti da jadawali. A je a ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a tafi da lissafin kwana bakwai ɗin nan da Malam ya ce a yi, da lokacin kwanciya da na tashi na kowace rana.