Musayar waƙa: dabinon Inna 40

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum jama'a, wannan tambayar na ba 'yan JSS 3 ɗina yau aji ya kaure da gardama har aka kaɗa ƙararrawa ba su gama ba, amma fa da baiti za a amsa min.

Dabino 40 Inna ta zuba,
Jikokinta 5 ta ce su raba,
Kowa ya samu, ko guda ne ya taɓa,
Amma kason wani bai zo ɗaya da na wani ba.
Mai babban kaso, nawa ne iyakar da zai ɗiba?
Ƙarancin nasa kuma nawa? A duba.

Ɗan Kurmi:
Malam ai wannan ba sai da biro ba,
Huɗu su ɗau ɗai-ɗai, babba 36 zai ɗiba,
Ƙaranci 8 ne, raba daidai, ba a cuci kowa ba.

'Yar Zazzau:
Haba Yaya, sauri ya haifi nawa 😂
Inna ta hana kaso biyu su yi kama da juna,
1 da 2 da 3 da 4 ka ba ƙanana,
10 kenan, cire ta daga 40 ka gani da idona,
30 ce iyakar babba, sai ka biya ni ladana.

Ɗan Kurmi:
Na sallama ƙanwata, wallahi rashin karanta tambaya har ƙarshe shi ya dinga cinye min maki tun ina firamare, to ƙarancin fa?

Kawu Direba:
Ni da lodin fasinja na koyi lissafi,
In kana son babba ya rage ƙarfi,
Matso da na bayansa su bi shi sahu-sahu a layi.
Gwada 9, 8, 7, 6, 5, jimla 35 ta yi,
Saura 5 a tasa, ƙara wa kowa guda, magana ta yi,
10, 9, 8, 7, 6, ƙasa da 10 ba zai yiwu ba, ɗana ka ji.

Malam Mai Alli:
Kawu ka ci, gobe da hanyarka zan shiga aji.
To ga Inna ta tsinci guda a gefen tabarma,
Sun zama 41, ku sake rabon ba rigima.

'Yar Zazzau:
Iyakar babba 31 ce Malam, wannan ba wahala,
In ya tsaya a 10 jimla ba ta wuce 40, dole ya ƙara,
11 kenan, Yaya kar ka ce 8 da ɓara 😅