Tambaya: yaya Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya suturar mata?

Ɗalibar ɗinki, Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum. A hotunan matan Ingila na shekarun 1940 da malamarmu ta nuna mana, na lura kusan kowace siket ɗinta ya tsaya ƙasan gwiwa kaɗan, ba tattara, kafaɗun rigar kuma a miƙe kamar kakin soja. Shin yayi ne ya zo da haka, ko yaƙin ne ya tilasta musu? Ina kuma so in ji ko abin ya taɓa iyayenmu mata na nan Arewa.

Malamin tarihi mai ritaya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Doka ce ta riga yayi. A watan Yuni na 1941 gwamnatin Birtaniya ta fara rabon tufafi da kati, inda kowane mutum ya samu kati 66 na shekara guda, kuma ko mace tana da kuɗi ba za a sayar mata da riga ba sai ta miƙa katin. Rigar ulu ɗaya takan cinye 11. A 1942 aka ƙayyade yawan maɓallai, aljihuna da tattarar da aka yarda tela ya sa wa riga. Amurka ma ta kafa tata dokar mai suna L-85 a shekarar, wadda ta iyakance tsawon siket da faɗinsa. Dalilin kuwa a fili yake: ulu ya tafi ɗinkin kakin soja, siliki da nailan sun tafi laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgin sama.

Tela, Taminus:
Allah ya gafarta Malam, ban musa ba, amma a ganina aiki ya fi doka tasiri. Da maza suka tafi fagen daga, mata ne suka shiga masana'antun makamai, kuma wadda ke tsaye gaban inji ba za ta saki gashi ko ta ja doguwar riga ba, don haka wando da ɗaurin kallabi suka zama kayan yau da kullum. Ƙarancin kuma bai kashe son kwalliya ba: da doguwar safa ta ɓace a kantuna, wasu sukan shafa wa ƙafa launi, su ja layi da jagira daga dunduniya zuwa sama domin a ɗauka ɗinkin safa ne. Duk telan da ya san yadda tattara ke cin yadi zai gane abin da ya sa aka yi ta cece-kuce a 1947, lokacin da Christian Dior, Bafaranshe mai tsara tufafi, ya fito a Faris da siket mai baza har ƙauri, alhali Birtaniya ba ta daina rabon tufafi ba sai 1949.

Hajiya mai atamfa, Titin Ahmadu Bello:
Ƙanwata, ɓangaren tambayarki na biyu ne ba a taɓo ba. Mu a nan zane ake ɗaurawa, ba a yanka shi, saboda haka dokar maɓalli da aljihu ba ta da inda za ta kama mu. Abin da ya sauya shi ne inda yadin yake fitowa, domin jiragen ruwan da ke kawo kaya daga Manchester sun ragu, yadin Japan mai araha ya yanke, akoko da alawayyo suka yi tsada, har gishiri ya yi wuya. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce a lokacin yaƙin Hitila ne matan gidansu suka koma wa mazari gadan-gadan, su kaɗa zare su aika wa masaƙa. Idan zane ya koɗe sai a mayar da shi marina a sake turo shi da baba, idan kuma ya mutu a tsakiya sai a raba shi biyu, a haɗa gefe da gefe a ɗinke, ragowar a yi wa yarinya majanyi.