Ƙafar maigidana ta karye a wurin aiki, kamfani sun ce mu karɓi kuɗi mu sa hannu

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa don wallahi kaina ya kulle. Maigidana yana aiki a wata masana'antar roba a Sharada nan Kano, ɓangaren lodi yake, yau kwana 11 kenan da kaya suka zame daga kan mota suka danne masa ƙafa, ƙashin ƙwauri ya karye gida biyu. Ranar da abin ya faru kamfanin suka kai shi wani asibitin kuɗi da suke hulɗa da shi, aka yi hoto aka sa masa filasta aka riƙe shi kwana uku aka sallame mu. Da muka koma likitan ya sake hoto ya ce ƙashin bai zauna daidai ba sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma su ba su da likitan ƙashi a nan sai dai su ɗauko daga waje, kuɗin da ya faɗa mana ko albashinsa na shekara aka haɗa bai kai ba.

Toh jiya manaja ya aiko a ce su sun yi iya nasu, za su ba mu dubu 200 amma sai ya sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare, wai ai dama ba cikakken ma'aikaci ba ne tunda ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke shi sati-sati ake biyansa. Ita kuma Innarsu ta dage a karɓi kuɗin a kai shi wurin mai ɗori a ƙauye. Magungunan da aka rubuta duk ni nake saya a kemis, har ɗankunnena na sayar. Shi kuwa ba ya barci saboda zogi kuma tsoro yake kar ya yi gardama a kore shi. Mu karɓa ne? Kuma muna da ikon canja asibiti ko dole sai nasu?

Tsohon Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Kafin komai, kar ya sa hannu a takardar nan, ko karanta masa aka yi da daɗin baki kar ya sa.

Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar da ake da ita, kuma hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ita ce ke riƙe da asusun diyyar. Kowane kamfani ana so ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun nan, daga aljihun kamfani ba daga albashin lebura ba, to daga nan ne ake biyan kuɗin asibiti da magani da aikin tiyata har da sandar dogarawa da ƙafar roba in abin ya kai ga haka, Allah ya kiyaye. Maganar wai shi ba cikakken ma'aikaci ba ne ba ta da tushe, don dokar ta ambaci na wucin gadi da mai aikin rabin rana da ɗan koyo, ko da baki aka yi yarjejeniyar ɗaukarsa ba a rubuce ba. Kuma dokar ta ce duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi ya yafe haƙƙinsa na diyya ba ta da inganci. Amma duk da haka kar ku sa hannun, don in takarda ta shiga hannunsu da ita za su yi ta ja muku rai.

Abin da ya fi damuna shi ne kwanakin. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da kamfani raunin da ya samu, ke kin ce yau 11. Na san za ki ce ai a gabansu abin ya faru, haka ne, amma ku rubuta. Sunansa, ranar da lokacin, wurin da abin ya faru, yadda ya faru, irin raunin. Ku yi kwafi biyu a kai ofis gobe gobe a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da shi gida. Su kuma kamfani kwana 7 doka ta ba su su kai rahoto NSITF, ku tambaye su ko sun kai. Neman diyyar kanta kuna da shekara 1 daga ranar da ya ji ciwon.

Nas a Ɗakin Masu Karaya:

Anti ni ta ɓangaren ƙafar zan yi magana don ita ce ba ta jira. Yanzu ki je ki duba yatsunsa. Ki taɓa ki ji ko sun yi sanyi, ki matsa farcen babban yatsa ki saki ki ga ko jini na dawowa nan da nan ya yi ja, ki ce ya motsa su, ki tambaye shi ko yana jin taɓawar ko sun mutu mus. In sun yi sanyi ko launinsu ya fara duhu, ko zogin ya ƙi jin magani, ko kin ji wari daga cikin filastar ko ga zazzaɓi, to a daren nan za ku tafi asibiti ba sai gobe ba.

Karayar da likita ya ce ba ta zauna ba in aka bar ta haka nan za ta fara kamawa a karkace, daga baya sai an sake karya ƙashin kafin a gyara, kuɗin ya ninka wahalar ta ninka. Ga asibitin ƙashi na Dala kusa da ku, aikinsu kenan dare da rana. Ki koma wancan asibitin ki ce su ba ku takardar turawa, da hotunan ƙashin duka biyu na farko da na biyu, da rahoton likita mai sa hannu da hatimi. Haƙƙinku ne. In kun je aka rubuta muku kuɗin aiki ki roƙa a rarraba miki a takarda, nawa ne ƙarfen, nawa ne ɗakin tiyata, nawa ne gado, nawa ne jini in za a buƙata, don kuɗi a dunƙule shi ne ake ƙi biya. Kuma ki sa a ranki bayan aiki akwai gashin ƙashi na makonni, shi ma kuɗi ne, a sa shi cikin lissafi tun yanzu.

Baban Almajirai:

Ni dai a ganina kar a raina maganar Inna. Ƙanena ya karye a hannu mai ɗori ne ya ɗora shi kuma ga shi nan yana noma da hannun. Kafin a yi asibiti ai da su aka dogara. Kuɗin asibitin nan talaka ina zai kai.

Nas a Ɗakin Masu Karaya:

Malam ba raina su ake ba, akwai karayar da ko ba a yi mata komai ba in an tallafe ta za ta kama, irinta ce ake ganin nasara. Wannan gida biyu ce kuma hoto ya nuna ta goce. Ni da idona nake ganin waɗanda ake kawo mana an ɗaure da karare an tamke har jini ya daina zuwa, a kwance tsumman a ga fata ta yi baƙi tana ruwa, saurayi da ƙuruciyarsa a ce sai an yanke. Wallahi ranar da aka yi irin wannan ba na iya cin abinci. Sannan mai ɗori ba ya ba da rasit ba ya rubuta rahoto, ranar da aka kai shi can ranar kamfani za su ce ku kuka ɓata ƙafar da hannunku.

Akawun Wata Masana'anta a Bompai:

Hajiya bari in faɗa miki yadda abin yake daga cikin ofis don ki san ta inda za ki ɓullo musu. Kamfani yana ɗaukar asibiti ɗaya ne saboda an yi ciniki tun farko, kaza ne ganin likita kaza ne gado, a ƙarshen wata a kawo bil. Kuma gaskiya akwai dalili, mun sha ganin asibitin da in ya ji kamfani ne zai biya sai a rubuta gwaji kala-kala da ba a buƙata a riƙe mutum a gado kwana da kwanaki, mun kuma ga rasit ɗin da aka rubuto a shago. Shi ya sa manaja da ya ji an ce ƙarfe sai gabansa ya faɗi. Amma wannan ba hujja ba ce ta a tsare mutum a inda babu likitan da zai iya aikin. Asibitin da bakinsu suka ce ba su da likitan ƙashi, to magana ta ƙare, turawa ce ta rage.

Abin da manajoji da yawa ba su damu su sani ba, in kamfani yana da rajista kuma yana zuba kasonsa, kuɗin asibitin da ya kashe yana iya nema NSITF ta mayar masa in an kai rahoto a kan lokaci da rasit da rahoton likita. Wato ba asara zai yi ba. Don haka in kika ga ana gaggawar a ba ku dubu 200 a rufe magana, ni abin da nake zargi ko dai ba su da rajista, ko sunan maigidanki ba ya cikin jerin da suka miƙa, ko kwana 7 ɗin ya wuce ba su kai rahoto ba. Ku tambaya a rubuce cikin ladabi, kamfani yana da rajista da NSITF? Shi ɗan kwangilar fa? Ba faɗa ba zagi. Sannan ku kawo musu lissafin asibitin gwamnati su gani da idonsu, sau da yawa in aka ajiye shi kusa da na asibitin kuɗi da zai ɗauko likita daga waje, su da kansu za su ce a tafi can.

Rasit kuwa ki riƙe shi kamar takardar gida. Ki koma kemis ɗin da kika yi sayayya ki ce su rubuta miki na baya da kwanan wata na gaskiya, ki haɗa kowanne da takardar da likita ya rubuta maganin, ki ɗauki hotonsu a waya ki yi fotokwafi, asalin kar ki ba kowa sai an sa miki hannu an karɓa. Ko kuɗin adaidaita zuwa asibiti ki riƙa rubutawa a littafi. Kuma in an rubuta magani ki tambayi mai kemis ko akwai irinsa na wani kamfanin mai sauƙi, ki nuna wa likita ya amince, bambancin kuɗin yana da yawa.

Maman 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na duba yatsun suna da ɗumi kuma yana motsa su alhamdulillah, kumburi ne dai. Ƙaninsa zai rubuta takardar yau da daddare. Amma Baba na ƙungiyar ƙwadago, abin da nake tsoro in suka ce ba su da rajistar fa, shikenan mun rasa dubu 200 ɗin mun rasa diyyar? Kuma ba shi da katin shaida na kamfanin, ɗan kwangilar ne ke kiran suna da safe kawai.

Hajiya Mai Abinci:

Ɗiyata maganar Inna ki bi ta a hankali, kar ki zama ke ce mai musu da uwar miji a kan ɗanta. Ki samu babban wansa ko kawunsa ku tafi da shi wurin likita ya ga hoton da idonsa, shi zai faɗa mata. Tsoro ne ke damunta ba wani abu ba, tana ji ana cewa asibiti yanke ƙafa suke.

Tsohon Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago:

Ba ku rasa ba ɗiyata. Rashin rajista laifin kamfani ne ba na lebura ba, sai dai ba zan ɓoye miki ba, yana sa abin ya yi ta jan ƙafa, shi ya sa ba za ku zauna jiran manaja ba. Ƙanin nasa ya ɗauki kwafin takardun ya je ofishin NSITF na Kano da kansa ya ce ya zo sanar da haɗarin wurin aiki, ya karɓi fom ya tambaya ko an kawo rahoto. Daga nan ya wuce ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, akwai sufetocin masana'antu, don dokar masana'antu ma ta wajabta a sanar da su duk haɗarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana 3. Na sha gani, ranar da takarda ta fito daga ɗaya cikin ofisoshin nan ranar muryar manaja take sauyawa.

Rashin kati ba komai ba ne in akwai wata shaidar. Wa ya kai shi asibiti ranar? Motar kamfani. Wa ya biya kuɗin kwana ukun? Kamfani. Fayil ɗinsa a asibitin da sunan wa aka buɗe? Ku nemi kwafin wannan shafin tun kafin wani ya tuna da shi. In ta banki ko ta waya ake turo masa kuɗin sati ku fitar da bayanan, in a hannu ne to littafin da ake kiran suna yana nan, kuma ku samu mutum biyu cikin waɗanda suke wurin lodin ku rubuta sunayensu da lambobinsu yanzu da abin yake sabo a ransu, don nan da wata biyu wani ya bar aikin wani tsoro ya kama shi. Saƙon da manaja ya aiko na dubu 200 in ta waya ne kar a goge.

In suna son ba da kuɗin a matsayin somin biyan asibiti ku karɓa, a rubuta ƙarara cewa na magani ne kuma ba shi ne ƙarshe ba, wani mai ilimi ya karanta kafin a sa hannu. Abu ɗaya kuma da lauya zai ƙara muku bayani, ba a haɗa karɓar diyyar asusun da kai kamfani ƙara a kan rauni ɗaya, ku tambaye shi tun da wuri. In ba ku da kuɗin lauya ku je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, ko ku nemi sakataren ƙungiyar ƙwadago ta jiha ya haɗa ku da wani. In hukumar ta yanke abin da bai gamsar da ku ba ana ɗaukaka ƙara a wurinta, in ba a dace ba sai Kotun Ma'aikata, tana da reshe a Kano.

Amma aikin ƙafar kar ya jira duk wannan. Ku karɓo takardar turawa gobe, jibi da asuba ku kasance a layin kati a asibitin Dala, in an ba ku lissafin ki turo hotonsa nan mu duba tare kafin a kai wa manaja.