Baucar yuro 800 da aka ba ni don na bar kujerata a jirgi: yaya zan ci moriyarta daga Abuja?

Baban Hauwa, Kubwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba tafiya a jirgin sama, musamman masu sana'ar yankar tikiti. Wata bakwai da suka wuce ina kan hanyar dawowa Abuja daga wani kwas da ma'aikatarmu ta tura ni a Turai, muna zaune a bakin ƙofar shiga jirgi, sai ma'aikaciyar kamfanin ta yi shela cewa fasinjojin da suka hallara sun fi kujeru yawa, saboda haka ana neman mutum huɗu da za su haƙura su kwana su bi jirgin washegari. Da farko ta ce za a ba kowa baucar yuro 500, wato takardar da ake yankar tikitin kamfanin da ita a madadin kuɗi, babu wanda ya ko ɗaga kai. Bayan kamar minti goma ta ƙara zuwa 800, haɗe da ɗakin otal da abincin dare da na safe. Ranar Alhamis ce, ni kuma ba na komawa ofis sai Litinin, sai na miƙe na miƙa katina. Abin da aka danƙa mini 'yar takarda ce mai tsawon katin shiga jirgi, ɗauke da sunana da wata doguwar lamba, daga baya kuma kwafinta ya shigo mini ta imel.

Tun a otal ɗin na ƙudurta cewa da ita zan kai mahaifiyata Umara a watan azumi. Jiya da dare na shiga shafin kamfanin na intanet, na sa sunanta, na sa lambar baucar, sai shafin ya ƙi karɓa, bai kuma faɗi dalili ba. Wa'adin da ke rubuce a jiki saura wata biyar. Shin akwai hanyar da za a mayar da ita sunan mahaifiyata, ko a ba ni kuɗina a hannu? In kuma babu, wace dabara ce za ta hana ta mutuwa a aljihuna?

Hajiya Mai Tikiti, Wuse

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan wannan niyya da ka yi wa Mama. Sai dai gara in faɗa maka tun yanzu cewa ko da an yarda a canza sunan, wannan bauca ba ta Umara ba ce, kuma matsalar ba ta tsaya a suna ba. Kamfanin Turai ba zai ɗauki Mama daga Abuja kai tsaye zuwa Jidda ba. Sai ya fara kai ta babban filinsa a Turai, tafiyar wajen awa shida, ta zauna jiran wani jirgin, sannan a sake juyowa da ita, alhali wanda ya miƙe daga nan kai tsaye wajen awa biyar zai yi. Bugu da ƙari, Najeriya tana cikin ƙasashen da ake bukatar 'yan ƙasarsu su mallaki bizar ya da zango kafin su ratsa filayen jiragen ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, ko da ba za su fita daga filin ba, sai fa wanda yake riƙe da wata biza mai rai irin ta Shengen ɗin kanta ko ta Amurka ko Kanada. Ka auna kuɗin biza da jigilar zuwa ba da hoton yatsu da wahalar tsohuwa mai azumi, za ka ga riba ta koma ciki.

Game da suna kuwa, ka buɗe saƙon imel ɗin ka gangara can ƙasa, inda ake rubuta sharuɗɗa da ƙananan haruffa. Baucocin da suka ratsa hannuna kashi biyu ne: akwai wadda mai sunan ne kaɗai zai yi tafiya da ita, akwai kuma wadda mai sunan zai iya yanka wa wani tikiti da ita, muddin shi ne ya nema da kansa. Ƙin karɓar da shafin ya yi yana nuna taka ta kashin farko ce, amma kada ka yanke hukunci da shi kaɗai, domin sau da yawa shafin kan ƙi lamba saboda bambancin kuɗi kawai. An rubuta baucar da yuro, shi kuma shafin ya gane daga Najeriya kake, ya fito maka da farashi a naira ko dala. A irin wannan hali sai an kira kamfanin a waya ko an je ofishinsu, su ne za su juya kuɗin da farashin canjinsu na ranar, wanda ba lallai ya yi daidai da na 'yan canjin Zone 4 ba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne rashin sanin yadda kuɗin tikiti ya kasu. In ka duba rasidin kowane tikiti za ka ga asalin kuɗin kujera daban, sannan harajin gwamnatoci da kuɗin filayen jirgi daban, sannan ƙarin da kamfani kan ɗora da kansa, wanda ake yi wa alama da YQ ko YR. Wata baucar tana biyan dukkansu, wata kuwa asalin kuɗin kujera kaɗai take biya, kuma a tikiti mai rahusa zuwa Turai ba abin mamaki ba ne sauran kuɗaɗen su kai asalin kuɗin ko su zarce shi. Na taɓa zama da wani bawan Allah a ofishina da ya zo da murnarsa yana cewa tafiya ta zo masa a kyauta, da na juya masa fuskar kwamfuta ya ga abin da zai cika daga aljihunsa, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi shiru har shayin da aka kawo masa ya huce.

Saboda haka in ka kira su, ka tambaya ko wa'adin na yankar tikiti ne ko na kammala tafiya, domin in na yanka ne kana iya yanka a ranar ƙarshe ka yi tafiyar bayan watanni, tun da yawancin kamfanoni suna buɗe kujerunsu kusan wata goma sha ɗaya gaba. Ka tambaya ko ragowar kuɗin za ta dawo maka a sabuwar bauca in ba ka cinye su duka ba, da kuma ko tana aiki a jiragen abokan ƙawancensu ko sai nasu na kansu. Duk abin da suka faɗa maka, ka roƙi a turo maka shi a rubuce.

Alhaji na Rikkos, Jos

Hajiya ta gama magana, ni gargaɗi ɗaya zan ƙara, kuma daga abin da ya same ni ne. A watan Afrilun 2023 na je Amurka ganin ɗana da ke karatu, a wata tafiya ta cikin gida aka nemi masu barin kujera, na bari, aka ba ni baucar dala 700. A jikinta an rubuta wa'adi 04/11/2024. Ni da na saba da rubutunmu na nan sai na karanta huɗu ga Nuwamba, har ina yaba musu a raina cewa sun yi mini alfarmar shekara ɗaya da rabi. Na sa takardar a cikin jakar fasfo na manta da ita. Sai a watan Yuni, da za a yaye yaron, na ɗauko ta na kai wa mai yankar mini tikiti a titin Ahmadu Bello, ya duba, ya ce Alhaji ai Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, wannan sha ɗaya ga Afrilu ke nan, ta yi wata biyu da mutuwa. Ɗana ya yi ta kiran kamfanin daga can, suka ba shi haƙuri cikin ladabi, amma ko sisi ba su mayar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lissafin canji. Lokacin da aka ba ni baucar, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuwa ta yi ta gangarawa har dala ta haura 1,500 a farkon 2024. Wato takardar tana kwance a jaka darajarta a naira tana ninkuwa, ni kuma ina barci. Baban Hauwa, taka ta Turai ce, kuma su rana suke fara rubutawa kamar mu, amma duk da haka ka sa su faɗa maka sunan watan da baki.

Ɗan Garki

Ni ɓangaren doka zan taɓa, tun da Malam ya tambaya ko za a iya ba shi kuɗi a hannu. A ganina da wuya, kuma dalilin yana cikin yadda ya bar kujerar. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta bambanta wanda ya bar kujera da yardarsa da wanda aka hana shiga ala tilas. Ta wajabta wa kamfani ya fara neman masu sa kai, kuma abin da za a ba mai sa kai ciniki ne tsakaninsa da kamfanin, duk abin da suka daidaita a kai shi ke nan. Wanda aka hana ala tilas kuwa doka ce ta yanka masa diyya: yuro 250 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, 400 a matsakaiciya, 600 a wadda ta wuce kilomita 3,500 irin ta Turai zuwa Abuja, ban da abinci da masauki da kujera a wani jirgin. Wannan diyya kuɗi ce, ba a mayar da ita bauca sai fasinja ya sa hannu ya amince. Ka ga ke nan, Malam, ainihin cinikin da ka yi shi ne 800 ta takarda a maimakon 600 ta kuɗi, ko da yake ba lallai ba ne a ce kai za a zaɓa a hana in da ka ci gaba da zama. Da ka tambayi ma'aikaciyar nawa za su bayar in kuɗi kake so, mai yiwuwa da ta ambaci abin da bai kai 800 ba, amma da tuni Mama ta samu wani abu a asusun Umararta.

A nan gida ma ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, a sashe na 19 da ya shafi kare haƙƙin fasinja, sun tanadi a fara neman masu sa kai, kuma diyyar wanda aka hana ita ce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida, kashi 30 a ta ƙetare. A Amurka kuwa tayin ya yi tsada ne tun bayan abin da ya faru a Chicago a watan Afrilun 2017, lokacin da aka ja wani likita a ƙasa aka fitar da shi daga jirgin United Express, hoton ya zagaye duniya, har kamfanin United ya ɗaga iyakar abin da zai iya ba mai sa kai zuwa dala 10,000.

Wani abu kuma da babu wanda ya ambata: ka ce ma'aikatarku ce ta tura ka, wato ita ta biya tikitin. A wajen kamfanin jirgi baucar ta fasinja ce, domin shi ya kwana a hanya, amma don fita daga shubuha ba laifi ka sanar da shugaban sashenku a rubuce.

Baban Hauwa, Kubwa

Na gode ƙwarai, Hajiya da Alhaji da Yallaɓai. Yau da safe na kira su, na yi minti arba'in a kan layi kafin wata ma'aikaciya ta ɗauka. Baucar ba ta canza suna, ba a kuma mayar da ita kuɗi, kamar yadda kuka yi hasashe. Amma wa'adin na yankar tikiti ne, tana biyan haraji da sauran kuɗaɗen duka, in an yi ragowa kuma za a ba ni sabuwar lamba mai ɗauke da tsohon wa'adin. Na sa matar ta maimaita mini sunan watan sau biyu saboda maganar Alhaji, ta kuma turo mini bayanin ta imel.

Ga shawarar da na yanke. Da ma akwai kashi na biyu na kwas ɗin a baɗi, wanda ma'aikata ta ce duk mai so shi zai ɗauki nauyin jirginsa, kuma na daɗe ina tara kuɗin tikitinsa. Zan yanki wannan tikitin da baucar, in kwashe abin da na tara in zuba a tafiyar Mama. Na rubuta wa daraktanmu takarda, ya yi dariya ya sa hannu. Hajiya, in babu damuwa zan leƙo Wuse ranar Asabar da fasfon Mama, mu duba jirgin da ke zuwa Jidda ko Madina ba tare da dogon jira a hanya ba, domin ba ta jure dogon zama saboda ciwon gwiwa.

Hajiya Mai Tikiti, Wuse

Allah ya kai mu, Malam. Kafin ka taso ka duba fasfon Mama ka tabbatar yana da aƙalla wata shida a gaba daga ranar tafiya, domin ba a ba da bizar Umara a kan wanda bai kai haka ba, kuma kujerun goman ƙarshe na azumi su ne suke fara ƙarewa. Tikitinka na kwas kuwa kada ka jira sai wa'adi ya matso, ka yanka da zarar an sa ranar. Ka kuma tambaye su abin da zai faru in aka ɗage kwas ɗin, domin tikitin da aka saya da bauca, in aka soke shi, yawanci bauca yake komawa, wani lokaci ma da tsohon wa'adin da ya riga ya wuce.